Rumbun Itatuwan 'Yata

Dashe nake sayarwa a bakin hanyar Rijau tun kafin a haifi 'yata ta fari. Da ta gama karatun zanen filaye ta dawo Kontagora, tana zana wa 'yan kwangila harabar makarantu da gidaje a kwamfuta. Abin da ya dame ta tun farko shi ne itatuwan da ke cikin manhajar da take zane da ita. Duk na ƙasashen sanyi ne. Mai zane kuwa abin da ya tarar shi yake ɗorawa, ɗan kwangila ya sayo abin da ya yi kama da shi. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiyar da nake reno sai su tsufa a leda.

Sai ta ce za ta gina nata rumbun. Haka take kiransa. Kowace bishiya za ta zana mata alama sau ɗaya, yadda tsuntsu yake ganinta daga sama, ta ajiye. Duk mai zanen da ya karɓi rumbun sai dai ya ɗauko ya sa a zanensa. Ta nuna mini cewa kowace alama tana da uwa. In ka taɓa uwar, duk 'ya'yanta da ke cikin zane sai su canja tare.

Tana da sharaɗi guda. Ba ta zana bishiyar da ba ta tsaya a ƙarƙashinta da tsakar rana ba, lokacin da inuwa take daidai da faɗin rassa. Kuma sai wadda ta gama girma. A cikin gari an sare irin waɗannan, don haka muke hawa babur zuwa Dukku, gonar wani abokina Badukke da ya hana masu gawayi taɓa itatuwansa. Ni da shi muke riƙe igiyar awo. Yakan tsokane ta, wai 'yar boko ta zo auna wa ɗorawa riga. Ita kuma ta ce, "Ja igiyar sosai, kawu, kada rigar ta matse ta." Shi ya gaya mata gawo da damina yake zubar da ganye, ta yi wa gawon alama biyu, ta rani da ta damina.

Ba ta gama ba ciwo ya kwantar da ita. Bai ɗauki lokaci ba. Allah ya ji ƙanta.

Bayan an share makoki na ɗauki kwamfutar na kai wa wani mai zane da suka yi aiki tare. Burina ya karɓi rumbun, ya ba abokan aikinsa, a riƙa shuka abin da ta auna. Ya karɓe ni da mutunci, ya sake yi mini gaisuwa. Ya buɗe zanen wata makaranta da ta fara, ɗorawa a jere ta wajen katanga, tsamiya a filin taron yara. Ya daɗe yana kallo, ya yaba hannunta. Sannan ya ce da'irorin itatuwan sun yi girma da yawa. Ɗorawa ɗaya ta cinye wurin ajiye motoci, ɗan kwangila kuma ba zai yarda ba.

Na ce masa ai girmanta ke nan, da hannuna na riƙe igiyar.

Ya ce, "Baba, wannan girman sai bayan ba mu. Wa zai jira?"

Ya buɗe uwar alamar, ya kama gefenta ya ja ciki. Ina kallo duk ɗorawar da ke zanen suka tsuke a lokaci guda, suka koma kamar tukwanen fure. Ya yi wa tsamiya haka, ya yi wa kaɗanya. Ya juyo da fara'a, ya ce yanzu kam za a karɓa. Da zuciya ɗaya ya yi, na gani a fuskarsa.

Na gaya masa in aka bi wannan zane za a dasa su kusa da juna, kusa da gini. Ranar da saiwa ta fasa katanga za a sare su, kuma a ce itatuwan gida ba su da kyau. Bai musa ba. Ya ce shi ya sa kowa ya koma wa dogayen nan sirara da ba su da inuwa. A manya ba mai karɓarsu, a ƙanana kuma ƙarya ce, mu duka mun sani.

Na ce ya ba ni kwamfutar. Ya ce in bar ta zuwa wani mako ya mayar da su yadda suke. Na yi masa godiya, na ce ba komai, na sa ta a jaka.

Ban ba kowa rumbun ba. Kunnawa kawai na iya, da buɗe zanen makarantar. Itatuwan suna nan ƙanana yadda ya bar su, ban kuma san inda ake taɓawa su koma girmansu ba.