Radiyon Baba a Akurkin Kaji

Jiya na leƙa akurki neman ƙwai, sai ga radiyon marigayi surukina, wanda yake magana da mutanen nesa da shi, kaji sun lulluɓe shi da kashi. Wayar antan kuwa, wato eriyarsa, 'ya'yansa sun mai da ita igiyar shanya.

Na tuna lokacin da motar maigidana ta yi kwanaki a hanyar garin Taskar ba labari. Hadari ya haɗo, amma Baba ya ce, "Ɗiyata, ɗauko batir, a kwari murya ba ta fita." Muka hau tudun yashi cikin ruwa da iska. Ruwan batir ya cinye mini zane, jakar fatar akuyar da muka sa radiyon a ciki ta jiƙe tana warin mushe. Shi ko ya duƙa, goro a baki, yana ta "Alo, alo, a tuwa!" Na zaci tuwo yake roƙo, ashe "saura kai" ne da Faransanci. Can wata murya ta ce an ga su maigidana lafiya, yashi ne ya riƙe motar.

Jiyan dai na ɗauko radiyon daga akurki, na wanke shi da hannuna. Allah Ya haskaka kabarin Baba, 'ya'yansa kuma Ya sa musu kunya.