Riƙon Ƙwaryar 'Yar Gyartai

Tudun Kanya ƙauye ne tsakanin Dutse da Kiyawa, ba babba ba, amma yana da dagacinsa tun kafin zuwan Nasara. A can aka yi wata mace mai suna Safara'u, wadda har ta tsufa ba a daina ce mata 'Yar Gyartai ba, don ubanta ɗinkin ƙwarya yake yi. Tun tana ƙarama take bin sa kasuwa-kasuwa, tana riƙe masa ɓarin ƙwarya yana hudawa da basilla. Ya huda wannan gefe, ya huda wancan, sannan ya zura zare ya ja a hankali har bakin ya haɗu. Iyakar karatun da ta yi ke nan, ban da na salla.

A kasuwar Kiyawa Dagaci Lado ya gan ta. Ya kawo ƙwaryar furarsa gyara, kasuwa ta zagayo ya kawo wata, ta sake zagayowa ya kawo wata. Mutane suka ce shi yake fasa su da kansa. Kafin ƙoren gidan su ƙare aka ɗaura aure.

Ɗanta na fari namiji ne, aka sa masa Uwaisu. Safara'u kuwa mace ce mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane, ko ido ba ta yarda su haɗa. In tana son ya ci tuwo sai ta dubi bango ta ce, "Ga abinci nan, in da mai ci." Yayar mijinta, Gwaggo Zinariya, wata bazawara mai baki, ita ta goye shi, ita take masa faɗa, ita take masa komai.

Nasara sun ci Kano da 'yan shekaru, Lado ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Uwaisu a lokacin yana famfarar haƙori.

Bayan sadakar arba'in sai ga jakadan hakimi daga Dutse, wani dogo mai suna Sale. Dattawa suka cika zaure. Kowa ya yarda yaron shi ne magaji, amma yaro mai giɓi a baki ba ya raba gardama. Dole a sami mai riƙon ƙwarya, wato wanda zai riƙe sarautar aro har magaji ya girma. Barau, ƙanin mamacin, ya zo da babbar rigarsa tun da sassafe. Barau ba mugu ba ne. Manomi ne na gaske, ga ƙarfi ga murya. Sai dai ya yi faɗa da rabin garin, sauran rabin kuma bai kai gare su ba tukuna. Kuma abin da ya shiga hannunsa ba ya fita, ko fartanya ya ara sai kaka.

Aka yi ta ja-in-ja har rana ta take. Sale yunwa ta kama shi, ga tafiya a gabansa, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku faɗa mini in kama hanya. Ƙwaryar nan a hannun wa take?"

Safara'u tana takaba, tana tsugune a bayan bangon zaure, ƙarƙashin wata 'yar taga, tana wanke ƙwaryar furar mijinta. Sai aka ji muryarta ta cikin tagar.

"Tana hannuna. Yanzu na wanke ta. A dama fura ne?"

Dariya ta ɓarke a zaure, har da Barau. Liman Malam Isah ne kaɗai bai dara ba. Ya shafa gemu ya ce, "To, jakada, ka ji amsa. Ƙwarya tana gidan mai ita. Yaro ya zauna a buzun ubansa, ni ina damansa, Barau yana hagunsa. Me ya rage?"

Dattawa suka ce ba abin da ya rage, da sauri, kafin Barau ya gama dariya. Sale ya sha furarsa ya hau doki. Ko kuskure Safara'u ta yi, ko kuwa ta san abin da take faɗa, wannan ba ta taɓa gaya wa kowa ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Ai ƙwarya aka tambaya."

To, ga yaro a zaure, ga uwa a bayan bango, ba ta iya shiga cikin maza, ba ta kuma iya yi wa ɗan fari magana. Liman mutumin kirki ne, amma in biyu suka kawo ƙara sai ya ba kowa gaskiya ya yi addu'a. Safara'u ta yi tunani, ta kira Gwaggo Zinariya, suka ƙulla abinsu.

Duk ranar da aka kawo magana zaure, in an gama bayani, sai Gwaggo ta shigo da ƙwaryar fura rufe da faifai, da ludayi a kai. In ludayin bakinsa yana sama, a yarda ke nan. In a kife yake, a ƙi. In kuwa babu ludayi sam, sai Gwaggo ta ce tsufa ya sa ta manta, yaron kuma ya ce, "A dakata tukuna." Gwaggo ta koya wa Uwaisu wannan da ja masa kunne, bai daɗe ba ya iya.

Dakatawar nan ita ce aikin. Kafin maza biyu su zo zaure kan iyakar gona ko akuyar da ta ci rogo, matansu sun riga sun zo wa Safara'u aron turmi, kowace ta zazzage mata nata. Sai ta huda wannan gefe, ta huda wancan. Ta aika wa wannan cewa maƙwabcinsa ya yi nadama, ta aika wa wancan haka nan, alhali babu wanda ya yi tukuna. Kashegari su zo zaure kowa yana jin kunyar ɗan'uwansa. Yaro ya dubi ludayi ya yanke, a tashi lafiya. Har daga wasu ƙauyuka ake cewa ɗan Lado an haife shi da hankalin tsofaffi. In maganar ta zo kunnen Safara'u sai ta taɓe baki ta ce, "Wancan? Ko majina bai iya sharewa ba."

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, aka fara sayen gyaɗa da tsada, samari suka zo zaure suna so a bar gero a cika gonaki da gyaɗa. Barau ne a gabansu. Ludayi ya zo a kife. Aka yi guna-guni, aka shuka gero, gyaɗa a gefe. Da ruwa ya ɗauke aka shiga yunwa, Tudun Kanya ta sha wuya kamar kowa, amma ba ta watse ba.

Asirin ya tonu ne a kan jaki. Wani baƙo ya zo ya ce jakin da ke ɗaure a gidan wanzamin garin nasa ne. Safara'u ta san ƙarya ne, don a gabanta aka haifi jakin. Ta kife ludayi. Gwaggo Zinariya ta yi tuntuɓe a dokin ƙofa, ludayin ya yi tsalle ya faɗo bakinsa sama, ba ta lura ba. Uwaisu ya duba, ya gyara murya, ya ba baƙo jaki. Wanzami ya ɗora hannu a ka. Sai ga Gwaggo ta dawo a guje, zani a hannu, ta kife ludayin da ƙarfi har fura ta fantsama. Yaron ya sake gyara murya ya ce ya sake tunani, jaki na wanzami ne.

Barau ya dubi ludayi, ya dubi yaro, ya dubi 'yar tagar. Da aka watse ya tsaya a bakin tagar ya ce, "'Yar Gyartai, ashe shekarun nan ludayi muke yi wa fadanci?"

Ta ce, "Ƙanin miji, in furar ba ta yi maka ba a ƙara nono."

"Za ki ƙara shi a Dutse."

Ya kuwa je ya faɗa wa hakimi. Lokacin kuma bai yi kyau ba, don Nasara suna haɗe ƙananan ƙauyuka. Garin da ba shi da tsayayyen dagaci sai a ba wani babba, ko a liƙa shi a ƙarƙashin maƙwabci. Ko wanne aka yi, buzun Lado ya bar hannun ɗansa ke nan. Uwaisu a lokacin murya ta fara buɗewa, gemu bai fito ba.

Ana tsakiyar damina, an gama noman farko ciyawa ta taso wa na biyu, sai ga Bature mai rangadi da tafintansa, da Sale jakada, wanda furfura ta fara kama shi. Aka kafa wa Baturen kujera a ƙofar zaure. Ya ce ta bakin tafinta, ana sharar sabuwar hanya daga Dutse zuwa Kiyawa, yana son majiya ƙarfin garin su fito tun gobe. Ya ce kuma daga bakin yaron yake son jin amsa, don an gaya masa wata magana.

Safara'u tana bayan bango, ludayi a hannu, ta rasa yadda za ta ajiye shi. In an yarda, ciyawa ta cinye geron bana. In an ƙi, an ƙi Bature a gaban jama'a. Ta juya shi sama, ta kife, ta sake juyawa. Daga ƙarshe tsoro ya rinjaye ta, ta ajiye shi bakinsa sama. Gero a sake shuka wani baɗi, buzu kuwa in ya fita ya fita.

Gwaggo ta ɗauka. A bakin ƙofa Barau ya tare ta.

"Yaya, kawo in kai wa baƙi da kaina."

"Tun yaushe ka koyi ladabi, Barau? Matsa."

Ya kama, ta riƙe. Ya ja, ta ja. Safara'u ta ji ƙarar da ta sani tun tana yarinya, ƙarar ƙwarya in ta tsage. Barau ya zare ludayin ya jefa a aljihun rigarsa, ya ajiye ƙwaryar a gaban yaro tana yoyo, ya koma ya zauna yana murmushi. Ludayi sama ya sani, a kife ya sani. Na ukun ne, wato rashin ludayi, ba wanda ya gaya masa.

Uwaisu ya dubi faifai, babu komai a kai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a dakata tukuna."

Safara'u ta runtse ido. Nan ne iyakar abin da aka koya masa, Bature kuwa ba mai ƙarar jaki ba ne da za a ce ya dawo gobe. Tafinta ya ce, a dakata har yaushe?

Sai ta ji yaron ya ci gaba. Ya ce in maza suka fita gobe, hanya za ta yi kyau, amma da kaka ba za a sami masu binta ba, duk sun tafi cin rani. A bar su su gama noma na biyu, ranar da suka ajiye fartanya garin duka zai fito, ba majiya ƙarfi kaɗai ba. Ya ce, "Kuma Baffana Barau zai ja su. Duk ƙasar nan ba wanda yake sa mutum aiki kamarsa. In ya yi tsawa a nan, a Kiyawa ake amsawa."

Jama'a suka yi dariya. Tafinta ya juya maganar, Baturen ya dubi Barau, ya ga ƙirji da damatsa, ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko ba shi ne ya kai ƙara ba. Barau, da aka yabe shi a gaban Bature da jakada da duk waɗanda ya taɓa faɗa da su, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya ce shi dai ya ga ludayi ne. Tafinta ya yi ta fama da kalmar, Baturen bai gane abin da ludayi ya yi ba, ya kuma gaji, ya ce a dakata har a gama noma. Sale jakada ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Da yamma Gwaggo ta shigo da ƙwaryar, tsaguwa tun daga baki har gindi. Ta ce, "Kin ji ɗanki?"

Safara'u ta ce, "Na ji wani yana surutu." Ta ɗauko basilla. Sai da ta huda gefe ɗaya sannan ta ce, ba ta ɗago ba, "Ni sama na ajiye shi, Yaya."

Gwaggo ta dube ta, ta miƙa mata zare.

Daga ranar fura ta ci gaba da zuwa zaure, amma ludayin a cikin ƙwarya yake, inda kowa yake sa nasa. Barau ya ja aikin hanya, ya yi tsawa har muryarsa ta dishe, aka riƙa ce masa Sarkin Hanya, ya kuma amsa. Ludayin da ya ɗauke bai mayar ba.

Bayan kaka hakimi ya aiko aka naɗa wa Uwaisu rawani. Da taro ya watse ya shigo cikin gida, ya tsuguna nesa da ita kamar yadda ya saba, yana jira ta yi wa bango magana. Safara'u ta ɗauko ƙwaryar, ɗinkin ya bi ta kamar sawun tururuwa, ta zuba ruwa ta ɗaga don a ga ba ta yoyo. Ta zo ta ajiye a gabansa da hannu biyu. Sunan yanka har yanzu ya fi ƙarfin bakinta, amma yau yana da wani.

"Dagaci," ta ce, "ga ƙwaryarka. A riƙa wanke ta da wuri, ba ta son kwana da tsami."

Ta rayu shekaru da yawa bayan wannan, tana ɗinka wa matan gari ƙorensu ba ta karɓar komai sai labari. Har ta rasu, in za ta kira shi tuwo, tana leƙa 'yar tagar ta ce, "Dagaci, ga abinci," sau biyu ko uku, ko da ya amsa tun a na farko.