Yaya Isuhu Ya Sha Maganinsa

Kakar bana ta cika shekara bakwai da muka kai Yaya Isuhu makwancinsa, a ƙauyenmu da ke wajen Safo. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe gonar gado, ni aka tura lakwal, wato makarantar boko, har na zama malamin kimiyya a Madarunfa. Tun daga nan bai ƙara kirana da sunana ba, sai "Mushe", yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, da ɗan murmushinsa na tsokana.

Da iri aka san shi. Kafin girbi yakan bi gona yana duba zangarniyar gero ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta jure fari, ta tsallake cutar domana, ita yake yankewa ya ɗaure daban don shukar baɗi. Daga garin Gabi har garin Sarkin Yamma mutane kan zo roƙon tiya guda.

Ya taɓa yin tarin fuka ya warke, sai tari ya dawo. Likitoci a Maradi suka ce wannan karon funfuna ce ta samu gurbi a huhunsa, dangin wadda ke kama gyaɗa idan ta jiƙe a rumbu. Aka ɗora shi kan ƙwayoyi na watanni. Da farko ya murmure har ya koma gona. Daga baya jini ya dawo cikin kakinsa, ya rame, riga ta yi masa yawa.

Ni da nake ji da boko, nan take na yanke hukunci. Wata Juma'a na same shi a gindin bishiyar bedi, na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Ba ka shan maganin nan."

Ya ce, "Ina sha, Mushe. Wanga abu iri gare shi. Magani ya kashe ragwaye, ya bar masu taurin rai, su ka haihuwa cikin ƙirjina."

Na ce ya bar mini zancen gona. Na kaɗe rigata na hau babur. Maganar ƙarshe ke nan da ta haɗa mu. A zaman makoki kuwa, duk wanda ya tambayi abin da ya faru, sai na girgiza kai na ce ƙin shan magani ya yi.

Bayan sadakar arba'in, matarsa Hajara ta ajiye wata ƙwarya a gabana. Ledojin ƙwayoyi ne, duk an ɓare su babu kome ciki, an ɗaure su da zare kamar yadda yake ɗaure damin iri. Tun ranar da na zarge shi ya shiga tara su don ya nuna mini idan na dawo. Ban dawo ba.

Ba a jima ba sakamakon kakinsa da aka aika gwaji ƙasar waje ya iso. Maganin yana aiki ne ta hanyar kama wani sinadari da funfuna ke gina jikinta da shi. A cikin waɗanda suka zauna masa a huhu, wata ta samu ɗan sauyi a ƙwayar gadon da ke tsara sinadarin, sai magani ya rasa inda zai kama, kamar mabuɗin da aka sauya wa kwado. Sauran suka mutu, ita ta hayayyafa, 'ya'yanta duk suka gaji sauyin. Abin da nake koya wa ɗalibai da alli ke nan, abin da wana ya faɗa mini a gindin bedi na ƙi ji.

Na ninke takardar na jefa a akwati. Kunya ta hana ni buɗe baki har shekara bakwai.

Ina yawan tunanin me zai ce da yau. Masana na gargaɗin cewa wasu magungunan feshin gona dangin ƙwayoyin da ya sha ne, don haka funfuna kan fito da taurin ranta tun daga gona. Na san ba zai yi mamaki ba. Zai ce duk abin da ka matsa wa, iri kake zaɓar masa.

Makon jiya a kasuwar Gabi na ji wani yana ce wa abokinsa mai tari, "Sha maganinka, kada ka yi ta Isuhu mai iri." Maganata ce, ta yi shekara bakwai tana haihuwa a bakin mutane.

Geronsa na nan a gonakin da bai taɓa takawa ba, ana cinsa ana yi masa addu'a. Wannan shi ya shuka. Ɗayan kuwa, maganar nan, ni na shuka, ni kuma ya kamata in tuge. Ku da kuka ji daga bakina, ku ji gyara daga bakina: ƙarya na yi wa ɗan'uwana. Ƙwaryar na nan a ɗakina ga mai son gani. Allah ya jiƙan Yaya Isuhu. Ya sha maganinsa, bai bar ko ƙwaya ɗaya ba.