Goggo Mai Tukwane da Ramin da Ta Bari

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran ƙanwar mahaifina, wadda kowa ke kira Goggo Mai Tukwane, bayan jinyar kwana huɗu. Ta haura shekara saba'in.

Goggo, tun da na yi wayo nake ganinki a rumfar bayan gida, ƙafafu miƙe, yumɓu har gwiwar hannu. Ke kaɗai na sani da ke ɗanɗana ƙasa da harshe kafin ki ce a haƙa. Ranar da na gina tukunyata ta farko, kika juya ta sau biyu kika ce, "'Yar nan, wannan takalmi ne. Je ki riƙe allinki." Na riƙe, na zama malamar makaranta, kuma kin fi kowa murna.

Ba ki taɓa rowar sana'a ba. Da mijin maƙwabciyarmu ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, ba jaje kawai kika yi mata ba, kujera kika ajiye mata kusa da taki. Yau da ginin tukwane take ciyar da gidanta. Mata ashirin da uku ne suka koya a hannunki. Randunan da ke barandar asibitin unguwa, waɗanda masu jinya ke shan ruwan sanyi a cikinsu, ke kika kai, kuma ba ki yarda an faɗa ba.

Amma abin da kika fi tsarewa shi ne ramin yumɓu na bakin rafi, inda kakarki ta haƙa, mahaifiyarki ta haƙa. Kin kafa masa doka: gefe ɗaya ake ɗiba, da rani kawai, sannan a bar shi shekara uku ya huta. Ba a sare itatuwan da saiwarsu ke riƙe da gaɓa. Matan sun sha yin gunaguni cewa kina sa su tafiya mai nisa alhali ga yumɓu a kusa. Sai shekarar da ruwa ya cinye gaɓar ƙetare ya tafi da gidaje shida, tamu ba ta motsa ba. Daga nan gunagunin ya mutu.

Bara wani mai gidan bulo ya turo motar haƙa da tifofi bakin ramin. Kika ɗauki kujerarki kika zauna a gaban motar, kika ce wa direban, "Ɗana, kashe injin mu gaisa." Ya kashe. Kafin la'asar mai gidan bulon da kansa ya zo, ya yi miki alkawarin ba zai taɓa wurin ba sai kwamitin filaye ya saurari kowa. Alkawarin baki ne, Goggo, kuma ke aka yi wa shi.

Wannan shi ne ke damuna. Zaman kwamitin saura kwana tara. Jiya na je bakin rafi na ga sawun taya sabo, har gindin itatuwan. Ban san ko juyawa kawai mota ta yi ba, ko aunawa aka zo yi. Matan sun ce ni zan yi magana a madadinsu tun da ni ce mai boko. To me zan ce? Shekara biyu ina ce miki zan zo da littafi in rubuta duk abin da kika sani, sau biyu kacal na zo. Shafi huɗu gare ni. Ban san yadda ake gane yumɓun randa da na tukunyar wuta ba, ban san gefen da ya kamata a ɗiba bana ba. Idan ramin ya tafi, sana'ar gida ashirin da uku ta tafi, gaɓar kuma ba ta da mai riƙe ta idan damina ta sauka.

Na faɗa wa surukarki, matar babban ɗanki, wannan tsoro nawa. Ta ce, "Yaya, ni ta nuna mini gefen bana. Ke ki yi maganar, mu za mu tsaya a bayanki." Yau da safe ita ta jagoranci matan suka gasa tukwane goma sha ɗaya da kika gina ba ki kai ga gasawa ba. Biyu sun tsage, tara sun fito lafiya. Da su za mu shiga gaban kwamitin. Ban san yadda za ta kaya ba, amma za mu je.

Allah Ya jiƙanki, Goggo, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowane kurɓin ruwa da aka sha a randarki ya zame miki lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifina, wanda yanzu shi kaɗai ya rage a ɗakinsu, da 'ya'yanki da jikokinki, da matan rumfa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya ba mu ƙarfin tsare abin da kika bar mana. Amin.