Yayen Ɗiyata a Cadawa

Da ɗiyata ta fari ta isa yaye, Yaya ce ta zo Gazawa ta ɗauke ta zuwa Cadawa. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ta goye ni, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Wa zan ba in ba ita ba?

A gidanmu uwa ba ta tambayar lafiyar ɗan fari, abin kunya ne. Ko sunan yarinyar ba na kamawa. In Yaya ta kira wayar maigidana, sai in tambayi gero, in tambayi awaki, in tsaya ina jira. Ita kuma ta ce, "Mutuniyar taki lafiya lau." Wata biyu ina hamdala a kan ƙarya.

Maƙwabciyar Yaya mai ƙuli-ƙuli ce ta tare ni a kasuwa. "Ke kuwa ba za ki je ki ga bakin yarinyar nan ba? Ko kunu ba ta iya sha."

Da kwanon cefanena na hau kabu-kabu sai Cadawa. Tun daga ƙofar ɗaki wani wari ya tarbe ni. Dasashin yarinyar ya kumbura ya yi baƙi, jini da miyau sun jiƙa gaban rigarta, kuncin hagu ya yi suntum. Yaya ta ce wai haƙori ne, tana goga mata kanwa safe da yamma.

Na ce, "Yaya, tun yaushe?"

"Tun da ta tashi daga ƙyanda."

Ashe har ƙyanda ta yi ban sani ba. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "In na faɗa, ƙwace ta za ku yi."

Wallahi da ba ita ta goye ni ba, da na mare ta.

A asibitin Maraɗi likita ta ce da tun farkon jinin muka kawo ta, da magani da wanke baki sun wadatar. Yarinya ta rayu, amma kuncin ya ɓule, haƙora sun zube, sai ɗinki aka yi.

Yanzu tana lakol, makarantar boko. In za ta ci abinci, bango take fuskanta. Yaya ta sha aiko da ban haƙuri, ban amsa ba, kuma har yau zuciyata tafasa take. Yarinyar ba ta san komai ba. Duk hutu sai ta tambaye ni yaushe za a kai ta Cadawa wajen Innarta. Ni ba ta taɓa ce mini Inna ba.