Ranar da na kushe giyar Inna a gaban gayya

Ni tsoho ne yanzu, idona ya yi rauni, malamin unguwarmu ne ke rubuta wannan ina faɗa masa. Amma lokacin da abin ya faru, shekaru kaɗan kafin Nasara su shigo ƙasar Tasawa, ni saurayi ne mai jini a jika, manomi a wani ƙauye tsakanin Hawandawaki da Mayahi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba zan kuma faɗi na kowa ba, don jikokin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu. Gidanmu Musulmi ne, amma irin Musuluncin ƙauye na wancan zamani: a yi salla, a yi azumi, in kuma an kira gayya a sha giya tare da maƙwabtanmu Anna, masu bin addinin gargajiya, ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Na tuba daga shan giya tun kafin furfura ta fito mini, kuma ina sa ran Allah ya yafe. Abin da ya hana ni sakat har yau ba shan ba ne. Haƙƙin wata mace ne da na ci da bakina.

Mahaifiyata ta rasu ina da wata huɗu a duniya. Wata mata daga gidan Anna da ke bayan danganmu, wadda take goyon ɗiyarta a lokacin, ita ta ɗauke ni ta shayar da ni, ni a wannan nono, ɗiyarta a wancan. Inna nake ce mata. Mijinta ya mutu da wuri, kuma da dafa giya ta riƙe kanta, don ita ce mai giyar ƙauyenmu. Gero take jiƙawa, ta shimfiɗa shi a inuwa ta rufe da ganye har ya tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta wuni tana dafawa a manyan tukwane, sannan ta tace ta zuba a tuluna. Akwai wani ƙaramin tulu baƙi da take ajiyewa a ƙuryar ɗakinta, ba a wanke shi, ba kuma mai taɓa shi sai ita. A cikinsa ake barin ragowar giyar da ta gabata, ita ce ake zubawa a sabuwa don ta tashi. Uwa take ce mata. Ta kan ce daga kakarta uwar nan ta zo, aka yi ta ciyar da ita dahuwa bayan dahuwa, tun kafin a sare dajin da ya zama ƙauyenmu. In aka daɗe ba a ciyar da ita da sabon tsiro ba, mutuwa take yi.

Giyar Inna fara ce, mai ɗan kauri, da tsami kaɗan a ƙarshen harshe. Ba ta kayar da mutum. Manomi ya sha ƙoƙo biyu da hantsi, sai ya ji cikinsa ya ɗauka, ya koma kan hauyarsa har la'asar yana waƙa. Ni kuwa Allah ya ba ni harshe, abin da ya zama mini fitina ke nan. In na kurɓa sau ɗaya zan faɗa maka ko geron bana ne ko na bara, ko da itacen gawo aka dafa ko da kara. Har ta kai in an kawo tulu wurin taro ni ake fara miƙa wa ƙoƙo, kowa ya zuba mini ido, in na gyaɗa kai sai a yi ta sha. Ita kanta Inna ba ta fitar da dahuwa sai ta aika an kira ni na ɗanɗana. Ta kan yi mini ba'a cewa ita ta ƙera harshen nan da nononta, don haka ba ta jin kunyar aron kayanta.

A wata daminar na kai wake kasuwar Tasawa a kan jaki. A bayan kasuwa na tarar da wata baƙuwa da ta zo daga kudu, wajen Katsina, tana sayar da burkutu na jar dawa. Ja wur, mai kumfa, mai zaƙi a baki, kafin ka gama ƙoƙo na biyu kunnuwanka sun yi zafi. Gaskiya ta yi mini daɗi, amma abin da ya fi yi mini daɗi shi ne zama cikin mutanen birni, ana ta hira, ana kirana baƙo mai sanin giya. Na koma gida ina hura hanci, duk inda samari suka zauna sai in ce ai mu a nan ba mu san giya ba tukuna.

A shekarar ne na share sabuwar gona, babba, wadda ta fi ƙarfin hannuna, na yi niyyar kiran gayya don noma na biyu. Al'adarmu ita ce mai gayya ya faɗa wa Inna kwana bakwai kafin ranar, ita kuma ta ɗebi gero daga rumbunta ta jiƙa, in kaka ta yi a kai mata dammuna. Na je na faɗa mata, ta yi murna, ta ce wannan ce gayyata ta farko, za ta yi mini dahuwar da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Lokacin kuwa tsakiyar damina ne, rumbuna sun yi ƙasa, kowa yana auna abin da zai ci. Na ga da idona ta shiga rumbun har wuya tana kwaso na gindi. Bayan kwana uku sai zuciya ta raya mini cewa in ina son a daɗe ana zancen gayyata, to giyar Tasawa zan kawo. Na aika aka gaya wa baƙuwar nan ta tanadar mini tulu shida. Inna kuwa ban faɗa mata ba. Kullum in na wuce ƙofar gidanta ina jin ƙanshin tsiro, sai in ce gobe zan gaya mata, har goben ta ƙare.

Ranar gayya mutane suka cika gonar tun da sassafe, makaɗa suna kiɗa, hauyoyi suna tafiya a jere. Da hantsi jakuna suka iso da tulunan Tasawa, aka sauke a gindin gawo. Ba a jima ba sai ga Inna da mata huɗu a bayanta, kowace da tulu a ka. Ta ga tulunan da ke ajiye, ta dube ni. Ta sa aka sauke nata a gefe, ta cika ƙoƙo da hannunta ta miƙo mini kamar yadda ta saba, mutane suka taru suna kallo. Na kurɓa. Wallahi tun da nake ban taɓa shan giyar da ta kai wannan ba, har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Amma na ga in na gyaɗa kai, kowa zai tambaya me ya kai ni Tasawa, in zama abin dariya a gonata. Sai na furzar a ƙasa, na ce wannan ai ruwan kunu ne, hannun Inna ya tsufa, a kai wa tsofaffi marasa haƙori. Samari suka fashe da dariya, har wani makaɗi ya sa maganar a kiɗa. Inna ta karɓi ƙoƙon, ta kurɓi abin da ya rage, ta daɗe tana juya shi a baki. Daga nan ta ce wa matan su ɗauki tulunanta su koma.

Abin da ya biyo baya a gonar bai ba ni mamaki ba daga baya. Kafin azahar rabin mutanen sun kwanta a inuwa, waɗanda suke tsaye kuma ba su bambanta gero da ciyawa, suka yi ta sare mini shuka. Wasu biyu suka kaure da faɗa a kan maganar da ba wanda ya san mafarinta. Gayya ta watse ba a nome rabin gonar ba. Giyar Inna kuwa, giya ba ta jiran mutum, kwana biyu ta yi tsami ta lalace, geron da ta kwaso daga gindin rumbu ya tafi a banza. Na aika mata da ɗan abin da nake da shi, ta karɓa ta yi godiya, amma ni ban iya taka ƙofar gidanta ba. In na hango ta a bakin rijiya sai in canza hanya.

Tun daga ranar ba a sake jin ƙanshin tsiro a bayan danganmu ba. Samari suka bi bakina, duk mai gayya sai ya aika Tasawa. Bayan kaka hanya ta lalace saboda mahara, baƙuwar ta tattara tukwanenta ta koma ƙasarsu, ƙauyenmu ya zauna ba giyar birni ba ta gida. Dattawa suka je suka roƙi Inna ta dafa musu ta bikin kaka, ta ce musu uwa ta mutu. Ni na ɗauka rashin masu saye ne ya sa ta daɗe ba ta dafa ba har uwar ta mutu, na yi baƙin ciki, amma na lallashi kaina cewa laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. Da rani ya yi, ɗiyarta da ke aure wajen Gidan Amumune ta zo ta tafi da ita, don ba ta da abin da za ta riƙe kanta da shi.

Sai da na yi shekara huɗu kafin na iya zuwa. Na same ta a zaune a inuwar ɗaki tana kaɗa auduga, ta rame, amma ta gane muryata tun daga zaure. Ta sa aka kawo mini fura, ta tambayi kowa na gida ɗaya bayan ɗaya. Da na fara neman gafara sai ta tare ni, ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, ai gaskiya na faɗa, kuma gara da ta fito daga bakin ɗanta. Ta ce a ranar ta kurɓa ta ji kamar giyar ta yi daidai, sai ta gane ashe harshenta ne ya mutu tare da hannunta, tunda nawa bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ta ce ba za ta yarda ta riƙa ba mutane abin da ya lalace da sunan kakarta ba, don haka washegari da safe ta ɗauki baƙin tulun nan ta kai bayan gari ta zubar da uwar da hannunta, ta wanke shi tas.

Na zauna ƙwaryar fura a hannuna na kasa sha. Na so in yi shiru in bar ta da abin da ta gaskata, amma na ga ƙarya ta biyu ke nan. Na faɗa mata cewa giyar ranar ita ce mafi kyau da ta taɓa dafawa, kunya da son a yabe ni ne suka sa na furzar. Ta ajiye mazarin. Sai ta tambaye ni ko tsamin nan na ƙarshen harshe ya fito, na ce ya fito. Ta gyaɗa kai ta ce ashe dai ta ji daidai. Sannan ta ce in sha furata kada ta tsinke. A daminar da ta biyo ta rasu.

Ba ina kira ga kowa ya sha giya ba, ni da na bar ta ba zan tura wani ba. Amma kowane gari yana da irin Inna: mai kitso, mai ƙira, mai daddawa, mai jima, wanda ya gaji sana'a yake ci da ita a ƙofar gidanka. In ka ga na wani gari ya fi burge ka, ka saya, ba wanda ya hana ka, amma kada ka kushe na gida don a ce ka waye. Musamman kai da mutane suka yarda da bakinka, ka ji tsoron Allah a kan abin da kake furtawa, don wanda ya fi kowa yarda da kai shi maganarka za ta fi yi wa ɓarna. Gonar nan na sake nome ta shekara arba'in, gero ya yi ta fitowa. Abin da ke cikin baƙin tulun nan kuwa tun daga kakar Inna ake riƙon sa, ni na kashe shi da kurɓi ɗaya, kuma yau duk duniya ba wanda ya san ɗanɗanonsa sai ni.