Yatsa a Murfin Kwali

A layin makanikai, bayan tashar manyan motoci, ko mai sayar da ruwa ka tambaya zai nuna maka rumfar Na-Kamfani. Mai wayarin ne, gajere, furfura har a gira, ga wani tabo da ya raba babban yatsansa biyu tun ranar da fankar mota ta gaishe shi yana saurayi. Sunan nan bakinsa ne ya jawo masa. Duk wanda ya kawo mota, kafin ya gama sallama zai ji tambaya: "Na kamfani kake so ko na kasuwa?"

Ba wai yana ƙyamar na kasuwa ba ne. Yakan ce kayan kasuwa kamar surukai suke, akwai na kirki akwai na Allah-ya-isa, in ka zaɓa zai ɗaura maka, amma sai ka san abin da ka saya. Wuri ɗaya ne ba ya jan magana: kwayil ɗin mota mai turbo. Kwayil shi ne abin nan mai kama da 'yar tocila da ake kifawa a kan filogi, shi ke ba da wutar da ke kunna mai a cikin inji.

"Injin turbo ɗura masa iska ake yi da ƙarfin tsiya," haka yake gaya wa masu mota. "Wutar da za ta kama cikin wannan matsin sai lafiyayya. Ragon kwayil, in mota tana tsaye tana silo, mutumin kirki ne. Taka totur a kan hawa, nan za ka ga halinsa. Sa na kamfanin da ya ƙera motar, ka huta."

Mutane suka yarda da shi, har daga wasu unguwanni ake jawo masa motoci. Bai tara komai ba sai wannan sunan, shi ya sa ya rubuta shi da jan fenti a allon rumfarsa, yana goge shi kowace safiya fiye da yadda yake goge fuskarsa.

Kayansa kuwa wuri ɗaya yake ɗauka, shagon ƙanin matarsa da ake kira Sifaya, saboda kayan sifaya yake sayarwa. A gidan yayar tasa Sifaya ya tashi. Na-Kamfani ne ya koya masa bambanta filogi da fis, shi ya tsaya masa har ya samu shago a bakin layi. Wasan da ke tsakaninsu ya isa ya tara jama'a.

"Mijin Yaya, yau ma da baƙin mai ka yi wanka?"

"Rufe min baki, ɗan cin arziki. Miƙo kwayil, na kamfani."

"Ka taɓa ganin na ba ka wani?"

Mutumin da sai ya shinshina filogi kafin ya ɗaura, bai taɓa juya kwalin ƙanin matarsa ya duba ba. Yakan cusa babban yatsa ya ɓalle murfin, baƙin mai ya zauna a ciki, ya zare kwayil ya ɗaura. Kwalayen da ya juye kuma gida yake kai su da yamma, don matarsa tela ce, ta ce tana zuba maɓallai da zare. Namiji da ido a kansa, bai taɓa tambayar kansa maɓallan wane gari ne ba sa ƙarewa ba.

Motoci sun riƙa dawowa jifa-jifa suna kakarewa a hawa. Ya ɗora wa gurɓataccen mai, ya ɗora wa filogi, har ya ce wa wani direba ƙafarsa ce ta yi nauyi. Kwayil dai ba ya cikin zargi, ai na kamfani ne.

Sai autarsu, wadda ke aikin jinya a asibitin da ke kan tudu, ta sayi 'yar mota ta hannu mai turbo. Uban ya kwana biyu yana zagaya ta kamar an kawo masa jika. Ya canza mata kwayil gaba ɗaya, ya buga bonet ya ce, "Je ki, ko tsauni ki hau."

Ba a jima ba, wata rana da hantsi, ga Auta a bakin rumfa cikin farin kaya, an jawo motar da igiya.

"Baba, tirela na fito zan wuce a kan hawa. Ina taka totur sai ta hau shaƙewa, ta ƙi gaba. Ga wata mota ta taho. Ban san yadda na tsinci kaina a gefen titi ba."

Ya zaunar da ita a kan benci, ya ba ta ruwa. Ya gwada filogi, lafiya. Ya gwada mai, lafiya. Ransa bai so ba, amma ya taka zuwa shagon Sifaya ya karɓo sabon kwayil don ya gwada. A tsaye a bakin kanta ya ɓalle murfin da ɗan yatsa, hannunsa a wanke yake, don sai da ya wanke shi kafin ya baro rumfa.

A cikin murfin akwai shatin babban yatsa da baƙin mai, tabo ya raba shi biyu.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya ɗora yatsansa a kai, ya zauna daram. Kwalin da ya taɓa juyewa ne ya dawo masa da wani kwayil a ciki.

"Sifaya, wannan na kamfani ne?"

Sifaya ya leƙo, ya ga abin da ya gani, sai ya yi 'yar dariya. "Haba mijin Yaya. Ka taɓa ganin kwayil ya tsiro a gona? Ai wani kamfanin ne ya yi shi. Na kamfani kake cewa, na kamfani nake ba ka. Ka taɓa ce min na wane kamfani?"

"Auta ta kusa shiga ƙarƙashin tirela."

Dariyar ta ɗauke. Ya ce wallahi yawancinsu ba sa ba da matsala, ya ce kowa a layin haka yake yi, ya ce abubuwa da yawa. Na-Kamfani bai tsaya ji ba. Da kwalin a hannu ya nufi gida, tsakar rana, abin da bai saba ba.

Ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki. Ya duba ɗakin da kyau, karo na farko. Maɓallanta duka suna cikin tsohon gwangwanin madara guda ɗaya. Kwali ko na rantsuwa babu.

"Ina kwalayen da nake kawo miki?"

Ba ta ɗago ba. "Ƙanina ke karɓa. Ya ce jerawa yake a kanta don shago ya cika ido."

"Kin yarda da haka?"

"Baban Auta, ɗan'uwana ne, ciki ɗaya. Kai kana da suna, shi me yake da shi?"

"Irinsu ya ba ni na sa a motar Auta. Tana rumfa yanzu, Allah ne ya tsare."

Keken ya tsaya cak. Ta dafe ƙirji, maganar ta kuɓuce mata kafin ta kama ta: "Amma sai da na ce masa ban da motar Auta!"

Ita ta ji abin da ta faɗa, shi ma ya ji. Ya ajiye kwalin a kan keken, kusa da hannunta, ya fita.

Bai sake ta ba, bai kai ƙarar kowa ba. Washegari ya aika wa duk mai turbo da ya iya tunawa, ya ce su dawo da motocinsu. Wasu sun gode, wasu sun zage shi tas a gaban jama'a, ya kuma shanye zagin, don da bakinsa ya ce musu su huta. Ya samo farin fenti ya shafe allon nan da yake gogewa kullum. Jan rubutun bai ɓuya sosai ba, in rana ta haska ana iya karanta shi.

Yana nan har yau a rumfarsa. Kaya sai ya ƙetare gari yake sayowa, kuma duk kwalin da ya buɗe, a gaban mai mota yake yayyaga shi ƙanana. Shagon Sifaya na bakin layi, dole ta gabansa yake wucewa safe da yamma, yana kallon ƙasa. A gida ana ajiye masa abinci yana ci, ana yi masa sannu yana amsawa.

Sunan ne ya ƙi mutuwa, sai dai ya canza ɗanɗano. Ya daina yi wa kowa tambayarsa ta da. Yanzu in ya ce wa mai mota na kamfani ne, sai mutum ya gyara tsayuwa ya ce, "Na wane kamfanin, Baba?"